A Bar Ni In Mai Da Sassaƙen Tsamiya Gindinta

Zuwa ga Baturen da ke shugabantar aikin saran itatuwa a kan sabuwar hanyar mota, tsakanin Isa da Sabon Birni.

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukan waɗanda ke aiki ƙarƙashinka. Ina kuma yi maka barka da rangadi, don duk lokacin da na je ofishinka a Isa abin da masinja ke gaya mini ke nan, kana rangadi. Shi ya sa na aika da wannan takarda ga jarida, ko Allah ya sa ta riske ka inda ƙafata ta kasa.

Sunana Nomau, mutumin Gangara. Ni ne mai jakan nan da ke bin bayan masu sara. Aikina ba shi da wuyar faɗi. Masu gatari da masu dogon zarto su ka da itace, a ɗaura wa gungumen sarƙa a ja shi gefe, su yi gaba. Ni kuma in zo da manjagara da shebur da baro, in tattara sassaƙen da gatari ya zubar, in cika mangala, in kora jakai zuwa inda aka ce. Ana shimfiɗa shi a wuraren da rairayi ko taɓo ke riƙe ƙafar mota. Na kwashe na marke, na kwashe na kanya da na ɗorawa, ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Yau ma ba don kaina na ɗaga murya ba, don mahaifiyata ne, wadda nake gani tana ƙarewa a gabana.

Na farko, ina so ka san wata al'ada tamu, don ina kyautata zaton ba wanda ya gaya maka. Mu nan ba mu hana a sare itace. Masassaƙanmu sun daɗe suna ka da manyan itatuwa suna fafe turame da akusa. Amma tsohuwar tsamiya ba ita kaɗai take tsaye ba, akwai waɗanda ke zaune cikinta, waɗanda ba mu gani. In za a sare ta, masassaƙi yakan yi musu sallama, ya ɗauki gungumensa ya tafi, ya bar sassaƙen duka zube a gindin kututture. A ciki suke fakewa har damina ta zagayo, kututturen ya yi toho, su sami sabuwar inuwa. Ko tsohuwar da ta rasa itacen girki ba ta tsintar wannan sassaƙe. Ni Musulmi ne, ranka shi daɗe, ban taɓa yi wa itace yanka ba. Amma Allah da ya halicce mu shi ya halicce su, kuma maƙwabci yana da haƙƙi ko ba a ganinsa.

Na biyu. Bayan Sallar Layya aiki ya iso tsamiyar mashaya, wadda ke gabas da garinmu. An sha wuya kafin ta faɗi, haƙoran zarto sun dakushe, sai da aka koma ga gatari. Da ta faɗi, na kora jakaina za ni wuce gaba zuwa ga wata kanya. Sai Heluma Arzika, wanda ka ɗora a kanmu, ya kira ni ya ce umarninka shi ne a bar kowane wuri fes, kada a ga ko ɓarɓashi. Na tuna masa da abin da shi da ni muka sani. Arzika mutumin Isa ne, kakansa ma masassaƙi ne, ba baƙo ba ne da zai ce bai taɓa ji ba. Ya dubi ƙasa ya ce, "Na sani, Nomau. Amma Bature na gani, su ko ba shi ganinsu. Kwashe, ko in ba wani mai jakai aikin."

Na kwashe. Tun a lodin farko na ga abin da ban so ba. Jakina Duna, wanda ke ɗaukar buhunan gero daga nan har Burkusuma bai yi nishi ba, ya riƙa lanƙwashewa a ƙarƙashin rabin mangala, gumi yana zuba daga wuyansa. Da na sauke mangalar, sassaƙen na ciki, na ɗaga ta da hannu ɗaya, ba ta da wani nauyi.

Wurin da za a shimfiɗa sassaƙen ba a gama share shi ba a lokacin. Heluma ya ce a ajiye shi cikin gida mai danga, kada mata su sace, tun da dukiyar gwamnati ce. Na yi dariya, don ko kyauta ka raba shi a Gangara ba mai miƙo hannu. Na ce to a kai gidan da shi ya sauka, ai ya fi nawa fili. Ya ce gidana ya fi kusa da hanya. Tun daga ranar bai sake taka zaurena ba. In ya zo duba dukiyar gwamnati, daga bayan danga yake ɗaga ƙafa ya leƙa, ya yi ta motsa baki yana addu'a, ya juya.

Na uku, ga abin da ke cikin gidana yanzu. Ba ji na yi ba, da idona nake gani kullum. Muna cikin bazara, zafin da ke fasa ƙasa. Duk sassaƙen da na tara a bakin hanya ya bushe ƙayau, sai wannan. Har yau ɗanye ne, in ka matsa ka ji danshi, ƙamshinsa kamar yanzu gatari ya fita daga jikinsa. Gara ba ta taɓa shi ba. Kaji ba su tona shi.

Tsakar gidana babu itace ko ɗaya, kowa a Gangara shaida ne. Amma da rana ta take tsaka, sai inuwa ta sauka a kan tulin nan, ta bazu har bakin rumbu. Inuwa ce mai sanyi, mai ɗigo-ɗigon haske, kuma tana motsi yadda ganye ke motsi ko da babu iska. In ka ɗaga kai, sama fayau, ba ko gajimare. Wani lokaci sai ka ji tak a ƙasa, kamar ɗan tsamiya ya faɗo, ka duba ba komai. Da la'asar ta gabato sai ta ɗauke. Ranar da na fara gani na ɗauka zafi ne ya juya mini kai, na je na wanke fuska na dawo, na tarar da ita tana nan. Mai ɗakina ta gani ita ma. Ba ta yi mini gardama ba, ba ta yi kuka ba, ta kwashi yara ta tafi gidansu a Burkusuma, ta ce in aiko idan an kwashe. Ban ga laifinta ba.

Na huɗu, shi ne abin da ya sa ni rubutu. Mahaifiyata ta ƙi bin mai ɗakina da yara. Tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, amma kafin wannan abu ba a yi mai faɗa kamarta ba a unguwarmu. In ta buɗe baki a kan akuyar maƙwabta, har bakin kasuwa ana ji. Ni da furfurata ba ta daina ja mini kunne ba. Yanzu wannan matar ta koma magana ƙasa-ƙasa. Da inuwar ta sauka sai ta jawo tabarmarta da mazarinta ta shiga ciki ta zauna, tana kaɗi, tana gyaɗa kai, tana amsa gaisuwar da ni ban ji an yi ba. Na taɓa ɗaga murya ina kiran jaki, ta ɗaga mini hannu ta ce, "Kai Nomau, sassauta, ɗiyansu na kwana."

In na kai mata fura, takan karɓa ta ajiye gefenta. In na dawo, ƙwaryar a wanke take tas. Da farko na yi murna, na ce Inna ta sami cin abinci. Sai na lura zanenta yana zame mata, wuyan hannunta ya koma kamar sillen kara. Na ɓuya bayan rumbu na duba, ban ga ta kai ko ludayi ɗaya bakinta ba. Da na matsa mata sai ta ce, "Baƙi na gida, ni in sha? An rushe musu ɗaki, kai kak kawo su nan bisa jakinka. Ba su yi muna komi ba, kunya ta ishe su." Na durƙusa na roƙe ta ta koma ɗakin ƙanwata a wancan gefen gari. Ta ce ba a barin baƙo shi kaɗai. Na gwada ɗaukar ta, ta dube ni da wani irin kallo da ban san shi a fuskarta ba, sai na sake ta.

Ina jin tsoro, ranka shi daɗe, ba zan ɓoye ba. Na yi fatauci har cikin ƙasar da Faransa ke mulki, arewa da mu, na kwana a daji da jakai, ban taɓa jin irin wannan ba. Ina kuma jin haushi, don abin nan bai kai ya kawo mu nan ba.

Na biyar, kada a ce na tsallake na gaba da ni. Na je wurin limaminmu, ya zo ya tsaya a zaure ya yi addu'a, ya ba da rubutu, Inna ta karɓa ta ajiye inda take ajiye fura. Ya ce mini maganin abin ɗaya ne, a mai da kaya inda aka ɗauko su. Na je wurin Heluma Arzika, ya ce kai da kanka ka ga girman tulin ranar da ka wuce a mota, in ya ragu ko da baro guda, gaban alƙali za a kai ni a kan sata, a karɓe jakaina. Na taka har Isa. Akawunka ya saurare ni, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a zamanin mota da waya ake wannan magana. Da ya gama dariyar sai ya tambaye ni ko da wannan rigar na kwashi sassaƙen. Na ce da ita. Ya ce in fita waje in kakkaɓe ta, in tsaya daga can mu ƙarasa magana.

Na yi tunanin in kwashe a ɓoye in mayar. Amma in an ɗaure ni, wa zai kai wa tsohuwar ko ruwa? Ba ta da wani ɗa namiji sai ni.

Na shida. An fara ƙona kututture daga wajen Isa, ana tahowa. Daga bayan garinmu muna hango hayaƙin, kullum yana ƙara matsowa. In wuta ta ci kututturen tsamiyar mashaya, ba sauran toho, ba sauran inda za a mai da kowa.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba mai tsada ba ne.

Ɗaya, a tsallake kututturen tsamiyar mashaya, kada a sa masa wuta. Ba a tsakiyar hanya yake ba, mota za ta wuce ba ta goge shi ba.

Biyu, ka ba Heluma Arzika izini da bakinka ko da hannunka, ya bar ni in mai da sassaƙen gindinta. Da jakaina za ni yi, a ranar hutuna, ba na neman lada. In gwamnati na jin asarar tulin, zan cika mata madadinsa da na marke, har ya fi.

Uku, nan gaba in aiki ya iso wata tsohuwar tsamiya, a tambayi masassaƙan garin kafin a sa manjagara. Akwai irinta da yawa tsakanin nan da Sabon Birni, kuma kowane mai jaki yana da uwa ko 'ya'ya a gida.

Ina roƙon ka hanzarta, don an sake ba ni wani umarni. Jiya Heluma ya tare ni a bakin aiki ya ce an gama share gangaren fadama, ranar kasuwa mai zuwa in kwashe tulin in shimfiɗa a can, inda manyan motocin gyaɗa za su riƙa bi. Daga ni sai shi a wurin, kuma ban gaya wa kowa ba. Da na shiga gida na tarar Inna ta naɗe tabarmarta, ta ɗaure 'yan tsummokinta a ƙunshi, ta jingina sandarta a kai. Kafin in buɗe baki ta ce, "An ce za a kai su bisa hanya. In sun tashi, tare za mu. Wa ka korar musu mota in ba ni ba?"

Na san uwata. Abin da ta ce za ta yi, sai ta yi, ko da rarrafe.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sa ka gama wannan aiki ka koma ƙasarku ka tarar da naka lafiya. In mahaifiyarka tana raye, Allah ya bar maka ita cikin hankalinta. In kuwa wannan takarda ta riske ka a makare, ko ka ga ba ta cancanci amsa ba, to ina neman alfarma ɗaya tak: a gaya wa direbobi, in sun iso gangaren fadama da tsakar rana suka ga inuwa a kan hanya inda babu itace, su taka burki. Akwai tsohuwa a zaune a ciki, kuma ba ta gani sosai.

Wassalam.

Ni ne mai biyayya gare ka,
Nomau Mai Jakai, Gangara.