Garwashin Ɗakin Auta

Litinin. Aikin farko: ɗakin Auta.

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na je kamar yadda kika ce. Tsohon da yake ba ƙaninmu haya ya buɗe mini ɗakin, yana ta rantsuwa rabonsa da shi tun ranar Larabar da kamfani suka karɓe makullin mota, bayan ta faɗi da shi da kayan mutane. Wayar Auta har yanzu a kashe. Sai dai ƙofar ɗakin lungu take kallo, tsohon kuma ko sallamata sai da na maimaita ya ji.

Na tarar da katifa a naɗe, takalmin aiki a ƙarƙashin kujera, buta ba ruwa. Na tsuguna ina leƙa akwatinsa, na dafa murhun ƙarfen nan nasa zan miƙe, sai na ji ɗumi. Na buɗe ƙofar murhun na tona toka da cokali. Yaya, garwashi ne ja, da ransa.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ban san kwana nawa garwashi yake yi a binne ba. In ba ya wuce kwana ɗaya, to Auta yana shigowa. In kuwa yana iya kai wa daga Laraba zuwa yau, ban gano komai ba, kuma ba zan ɗaga mata rai a kan toka ba. Zan gwada in gani.

Ki gaishe ta, ki ce ina kan nema.

Ƙaninki,
Na-tsakiya

Alhamis.

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma fata Inna ta samu barci. Saƙonki ya iso. Na ji ta daina cin abincin rana.

Na fito da tsohon murhunmu daga bayan ɗaki, na sayo itace irin nasa. Uwar yara ta ce mutane suna neman ɗan'uwansu a tasha da asibiti, ni ina neman nawa a toka. Tasha da asibitin ma na je, ita ta sani.

Wutar farko da na binne ba ta kwana ba. Ta biyu ta kai azahar. Mai itace ta ce gungume mai tauri yana kwana uku in an rufe murhu da kyau. Mijinta daga kan benci ya ce sati guda. Ta ce masa yaushe rabonsa da hura wuta. Na baro su suna yi.

Abin da ya hana ni zama shi ne, hannuna nake aunawa, ba nasa ba. Kin tuna a gida Auta ne mai rufe wuta. Yakan tura garwashi can ciki, ya ɗora gungume, ya tara toka, sannan ya huda samanta da yatsa don ta sha iska. Ni kuwa lafta toka nake yi, shi ya sa yake ce mini mai binne wuta da ranta.

Ɗazu na koma ɗakin Auta. Murhun ya yi sanyi. Na tona har ƙasa, toka ce kawai. Na daɗe a tsugune. Wataƙila wutar Laraba ce na tarar tana ƙarasa mutuwa. Na kasa barin ɗakin a haka, sai na hura masa wuta, na rufe yadda na iya, na ajiye sauran itacen a gefe, na ja ƙofa.

Har yanzu kada ki ce wa Inna komai.

Naki,
Na-tsakiya

Asabar.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ki zauna kusa da Inna kafin ki karanta.

Jiya ban je ba, tsoro nake ji. Yau da safe na je. Wutar da na rufe tana nan da ranta, alhali tawa ba ta taɓa wuce azahar ba. An tura garwashin ciki, an ɗora gungume daga itacen da na bari, an tara toka. A samanta akwai huda, daidai yatsa. Na duba, na fita lungu, na dawo na sake dubawa, don kin san halina.

Ki gaya mata yana raye, yana kusa, hannunsa lafiya. Fuskokinmu ne bai shirya gani ba. Kada ki turo kowa, ni ma ba zan laɓe masa ba. Na sake hura wutar na lafta mata toka.

Allah ya sada mu da alheri. Ayyukan gobe:

Ƙarin itace, busasshe.
Cika masa buta.
In roƙi tsohon kada ya canja kwaɗo.
In ba uwar yara haƙuri a kan cokalinta da na yi ta tona toka da shi.
Wuta: in rufe ta yadda na saba, kada in gyara.

Ƙaninki,
Na-tsakiya