Hannun Daman Abdulmalik

Unguwar Dosa, Kaduna.

Zuwa ga Yaya Rabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, da fatan kuma ruwan Fatakwal bai tayar maka da ciwon gwiwar nan ba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu nan kalau muke, sai dai tun da na yi ritaya yaran gidan nan suka mayar da ni mai raino.

Ka sha tambayata a waya labarin Abdulmalik, ɗan autata Nafisat, ni kuma in ce da sauƙi in kashe zancen. Yau dai zan ba ka shi a zaune. Ka san bakwaini ne, ko wata bakwai ɗin ma bai cika ba, aka sa shi a kwalba. Da suka yi masa hoton kai ta maɗiga sai suka ga jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ta gefen hagu. Likitar ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce jijiyoyin irin waɗannan jarirai ba su yi ƙwari ba. Idan jinin kaɗan ne yakan bushe da kansa yaro ya tashi lafiya, idan ya yi yawa ruwa kan taru a kai, ko wani sashen jiki ya yi rauni. Nasa ba kaɗan ba ne, kuma ta ce ba wanda zai san ƙarshensa sai yana girma. Allah ya taimake mu ruwan bai taru ba, amma da ya fara zama sai muka lura hannunsa na dama kullum a dunƙule yake, komai da hagu yake ɗauka.

Nan fa mutane suka samu abin faɗa. Duk baƙuwar da ta gan shi yana kai tuwo baki da hagu sai ta ce a riƙa buge hannun, kar ya tashi bahago. Wallahi raina ɓaci yake, don ni ba bahagonci ne damuwata ba, tsorona kar hannun ya mutu gaba ɗaya. Nafisat kuwa ɗaki take shiga ta yi kukanta.

Malama Ladi, mai yi masa gashin ƙashi a asibiti, ta hana duka sam. Cewa ta yi kullum a sa wa hagun safa na ɗan lokaci, a zuba masa kayan wasa a gaba, dole ya nemi daman. Uwar ba ta iya jure ihunsa, sai aikin ya faɗo kaina. Mijin nan nawa ya tsane ni, Yaya. Da ya hango ni da safa sai ya juya baya, ni kuma in ce ai ba saki a wannan auren. Mun daɗe a haka ba wani canji, har na fara tunanin wahalar da yaron kawai muke yi.

Ranar Juma'ar da ta wuce yana kan cinyata, hagun a cikin safa, ina ta mita da mai gyaran famfo ta taga. Sai na ji an fizgi ɗan kunnena da ƙarfi har kunnen ya tsage. Na juyo zan yi faɗa, sai na ga yatsun dama ne, a buɗe, sun riƙe gam. Na kasa ɓamɓare su, ban ma so ba. Na ƙwala wa Nafisat kira na ce ta zo ta gani kafin ya saki. Ta zo ta durƙusa, jini na ɗiga a kafaɗata, mu biyu muna kuka shi yana dariya.

Ba wai an gama ba ne. Ƙafar dama har yanzu yana ɗan jan ta, kuma Malama Ladi ta ce da sauran aiki. Amma hankalina ya kwanta.

Ka gaida Hajiya Umaima, da Tijjani da Hassan. Nafisat da maigidanta suna gaishe ka. Ta matsa in je a ɗinke kunnen, na ce a bar min abina haka, ina so ka zo ka gani da idonka.

Ƙanwarka,
Kaltume.