Wutar da Ba Ta Ƙuna

Garin Tawa, daren Talata.

Da na sani ban nuna wa Baba bidiyon nan ba.

Tun da muka kawo shi daga Barmu likita ya ce ciwon daji ne a pankiriyas, bayan tumbi, kuma ya yi nisa. Jiya na ga bidiyon da ake gwada wani abu wai shi plasma mai sanyi: siririn harshen wuta shuɗi, ana ɗora shi a yatsa ba ya ƙuna, amma yana kashe ƙwayoyin ciwon a ɗakin gwaji. Sau uku na ce masa gwaji ne kawai, bai iso kan marasa lafiya irinsa ba.

Baba maƙeri ne, jikan maƙera. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wutar da ba ta ƙuna ai ta gidanmu ce, ɗiyata. Ta biyo ni."

Ɗazu na leƙa, ba ya kan gado. Na same shi gaban murhu, wanda ban hura ba tun safe, ya ɗage riga, ya kara cikinsa da toka. Fuskarsa ba alamar zafin ciwo, karon farko cikin wata biyu.

"Yi shiru," ya ce. "Ta fara aiki."