Kawu Isufu Ya Ƙi Barin Kanar

Agege, Legas

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, da sauƙi? Yaya su Hadiza da yara, da mutanen Maraɗi baki ɗaya?

Na je Ikeja wurin Kawu Isufu kamar yadda kika ce, amma ya ƙi maganar komawa gida. Tun hawan farar hula aka yi wa ogansa Kanar ritaya, yanzu kuma ɓarin jikin Kanar ɗin ya shanye. Direba da kuku sun gudu, 'yan maula sun ɗauke ƙafa. Kawu kaɗai ya rage. Shi ne gadi, shi ne jinya, yana yi yana mita.

Na ce, "Kawu, tunda ka gaji, ka tafi mana!"

Ya harare ni. Ya ce tun suna lakwal, wato makarantar boko, aka ba su labarin tsofaffin dakarun da ke tsaron sarkin Faransa. Masu ƙunƙuni ake ce musu, don su kaɗai ke iya mita a gabansa. Amma ranar yaƙin Watalu, da runduna ta watse, su suka ja daga har sarkin ya tsira.

Ya ce, "Ga mai mita nan. Masu 'ranka ya daɗe' fa, suna ina?"

To Inna, kin dai ji. Ki yi haƙuri ki ƙyale yayanki, ki sa su biyun a addu'a. A gaida Baba.

Kawu ya ce kilishin da kika aiko yaji ya yi masa yawa. Shi da Kanar sun cinye tas.

Ɗanki,
Sani