Ba Irin Wannan Iskar Ba Ce, Yaya

Assalamu alaikum Yaya Binta, tare da fatan Allah ya haskaka makwancinki. Ƙanwarki Hajara ce daga unguwar Thamesmead a Landan, kuma yau a fusace nake.

Ranar da mijinki Kabiru ya samu aiki a wancan ƙauye na kudu maso yammacin ƙasar nan, ni na raka ku tashar jirgi. Kina ta murna za ki huta da hayaniyar Landan, har kina tsokanata wai in zauna in ci gaba da shaƙar hayaƙin bas.

Ba ku daɗe ba wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ta yi bayanin radon, wani gas da ke fitowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya taru cikin ɗaki. Ba a ganinsa, ba ya wari, amma yau da gobe yana lalata huhu. Ta ce ku nemi 'yan robobin gwaji, a ajiye ɗaya a falo ɗaya a ɗakin barci, bayan wata uku a mayar a duba. Kabiru, mai Turanci, da zai fassara miki sai ya dunƙule duka ya ce, “Wai akwai iska a gidan.”

Iska! To me 'yar Kano za ta ji in ba aljanu ba? Kika kunna karatu, kika sa na aiko miki turaren wuta da habbatus sauda daga shagunan unguwar Peckham, ba ki faɗa mini dalili ba. Kika rufe tagogi ruf don hayaƙin ya kama ɗaki, kika cusa tsumma a duk wata kafa ta bango. Kina korar iska, ashe kulle ta kike yi tare da ke. Robobin kuwa Kabiru ko nemansu bai yi ba, ya ce Turawa ba sa rabo da tsoro.

Da tari ya zo, sanyi aka ce. Aka yi ta citta da kanumfari har hoton asibiti ya nuna kansar huhu, ke da ko warin taba ba kya so. Likita bai rantse radon ne ba, amma tambayarsa ta farko ita ce ko an taɓa gwada gidan.

Har yau ba a gwada ba, Yaya. Yaranki Amira da Faruk suna kwana a ɗakin nan naki na ƙasa. Na kira Kabiru, ya ce in daina jayayya da ƙaddara. Na yarda da ƙaddara sarai, amma shi da kansa ba ya tayar da mota sai ya ɗaura bel.

Na sayi robobin. Ranar Asabar zan je in ajiye su da hannuna, in kwaso yaran su zauna wurina har sakamako ya fito. In ya so ya kira dangi kaf ya ce ba ni da kunya.

Ina kewarki ƙwarai. Har yanzu in na dafa miyar kuka sai na ɗauki waya kafin in tuna. A gadon asibiti kin riƙe hannuna kin ce, “Ki bi mijina a hankali, kar ku yi faɗa bayana.” Na bi shi a hankalin, yaranki suna can suna shaƙa. Ki yafe mini, wannan alkawarin zan karya shi.

Allah ya jiƙan ki, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya raya mana yaranki da lafiyarsu.

Autarku da ba ta jin magana,
Hajara