Tarin da Na Ji a Zaurenku

Zuwa ga Hasiya, sanyin idanuna, ruwan Tiga a tsakiyar bazara, wadda murmushinta ke sa in manta inda na ajiye babur ɗina.

Kin tuna ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki, da kika hango ni a saman ƙarfen sabis ina ɗaura na'ura, kika tambaye ni aikinta? Na ce miki rediyo ce mai kunya. Ba ta da tashar kanta, sai dai ta kasa kunne. In ta ji tashar da mai ita ba ya amfani da ita, ta aika saƙo ta nan. Da ya dawo, ta tsallake zuwa wata. In hayaniya ta yi yawa, ta tsawaita sauraro. Kika yi dariya, kika ce da ni aka yi koyi wajen ƙera ta.

Gaskiya kika faɗa, farin watana. Haka nake zuwa zance: in tsaya bayan darbejiyar ƙofar gidanku, in ji ko mahaifinki Baba Ladan na zaure. In yana nan, in juya.

Amma na'urar tana da ciwo guda. Wani lokaci takan ɗauki hayaniya a matsayin mai tasha, ta gudu a banza. Ranar Laraba na zo cikin sabuwar shadda, na ji tari a zaure, tari mai nauyi irin na dattijo. Na juya babur, ban tsaya ba sai garin Ɗansoshiya. Ashe Baba yana Doguwa wurin biki, akuyarsa ce ta shaƙi dusa! Ke kuma kina ciki da kwalliya kina jirana.

Yanzu an ce Mu'azu mai kifi, wanda bai san sauraro ba, ya yi sallama ya shige zaurenku da tarwaɗa, har an ba shi tabarma. Shin tarwaɗa za ta raba ni da ke? Wallahi tun da na ji, tuwo ba ya wuce mini.

Na yi tunani, zumata. Na'urar nan tana gudu ne don ba ta da lasisi. Ranar Juma'a kawuna Ɗanmaraya zai zo wurin Baba ya nema mini izini. Ki yi mini haƙuri zuwa ranar. Sai dai don Allah ki ɗaure akuyar a bayan gida, domin Kawu ne ya koya mini sauraro.

Naki har ƙarshen numfashi, wanda ba zai sake sauya tasha ba,
Zayyad