Bencin Baya na Majami'armu

Zuwa ga mahaifina, Dattijo Ishaya tela, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, a durƙushe kamar yadda ka saba ganina. Ba zan tambaye ka gajiya ba, don inda kake babu ita. Mu ne a nan Sabon Gari muke fama. Ni ce Rifkatu autarka, mai bakin nan da ka yi ta kwaɓa har ka tafi bai mutu ba.

Na san ba hannunka takardar nan za ta shiga ba. 'Yan ikilisiya ne za su karanta, wasu maza su ce mace ta tsoma baki a sha'anin dattawa. To su ce. Maganar ɗanka ce, Yaya Bulus, da ɗansa Yakubu, da yadda muka yi ta jira uban ya tashi ya je wurin ɗan.

Ka fi ni sanin horo, amma bari in faɗa saboda masu leƙen takardar. A majami'armu, idan mutum ya yi laifin da ya fito fili, dattawa sukan sanar a gaban jama'a cewa an sa shi cikin horo. Ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ruwan inabin da ake raba wa masu bi, ba zai yi waƙa cikin mawaƙa ba, kuma wurin zamansa bencin baya ne, can bakin ƙofa, har sai ya tuba an karɓe shi. Bencin nan kowa ya san shi. Rana tana dukansa ta taga, warin kwatar titi yana shigowa, duk mai shiga sai ya kalle ka, duk mai fita sai ya ƙara.

Ina 'yar budurwa lokacin da Yaya Bulus ya sha giya ya fasa wa wani kai da kwalba. Kai ne babban dattijo. Fasto ya so ya rufa maka asiri, ya ce a yi abin a ofis, ka ce a'a. Ranar Lahadi kai ka miƙe da kanka, ka kira sunan ɗanka, ka faɗi abin da ya yi ba ragi, ka sanar da horonsa. Muryarka ba ta yi rawa ba. Mama tana gefena a ɓangaren mata, ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi.

Da ka gama, ba ka koma kujerarka ta dattawa ba. Ka ɗauki hularka, ka ratsa tsakiyar majami'a kowa yana kallo, ka je ka zauna kusa da Bulus a bencin baya.

Mun ɗauka na ranar ne kawai. Ashe haka za ka yi duk Lahadi, wata da watanni. Ranar Jibi sai mai rabo ya tako har baya ya miƙa maka, ya tsallake Bulus. Ba ka taɓa cewa a ba shi ba. Kakan ci naka a gabansa, ɗaya hannun naka yana kan gwiwarsa. Fasto ya roƙe ka ka dawo gaba, wai zamanka can yana zubar da girman dattawa. Abin da ka ce masa har yau yana kunnena: “Kujerar ba za ta gudu ba, Fasto. Yaron ne zai iya gudu.”

Bai gudu ba kuwa. Ranar da aka karɓe shi ba ka yi wani dogon jawabi ba, cewa kawai ka yi mu je gida, uwarsa ta dafa shinkafa.

Haka kake, Baba. Ban taɓa jin ka daka wa Mama tsawa ba, amma idan ka ce a'a a gidan nan, ko kaza ta san an ce a'a. A shagonka na Fagge, tsakiyar Musulmi, idan rigima ta tashi tsakanin teloli kai ake kira, don sun san ba ka da ɗan gata. Kakan ce mana Almasihu bai tsaya daga nesa ya nuna mana laifinmu ba, saukowa ya yi inda muke. A lokacin na ɗauka wa'azi ne irin na kowa.

Ba ka ga komawar sojoji bariki ba, ka tafi ana gab da miƙa mulki. Mun yi murna da zuwan mulkin farar hula, ba zan ɓoye maka ba. Sai ga hotunan 'yan takara a kowane bango, motoci da lasifika, samari a kan rufin mota da gora da wuƙa, idanu jajur saboda ƙwaya. 'Yan jagaliya ake ce musu. Yaya Bulus kuwa Allah ya buɗa masa. Yana da babban shago a Kasuwar Singa, sukari da taliya da madara, kuma shi ne a kujerarka ta dattawa. 'Yan wata jam'iyya suka ga yana da jama'a, suka fara zuga shi ya nemi kansila.

Yakubu ya gama sakandare yana zaune ba aiki. Uban ne da kansa ya ce ya riƙa bin motar jam'iyya yana manna hotuna. Wannan ba a faɗa a majami'a, amma ni na faɗa. A motar nan yaron ya koyi ƙwaya.

Wata Lahadi ya shigo sujada a buge, da hular jam'iyya a kansa. Ka tuna Baba Markus mai tsaron ƙofa, tsohon nan da ba ya gani sosai? Ya ce masa, ɗana, cire hula, gidan Allah ne. Yakubu ya kwaɗa masa mari, tsoho ya faɗi a kan matakala. Abin ya yi muni, Baba, ba na kare shi. Horo ya cancanta.

Yaya Bulus ne ya miƙe ya sanar, kamar yadda ka yi. Ya kira sunan, ya faɗi laifin. Sai ya ɗaga murya ya ƙara da abin da ba ka taɓa faɗa ba: daga yau ba shi da ɗa mai suna Yakubu, kuma kada ya sake taka masa gida sai ya zo da ƙafarsa ya durƙusa a gaban ikilisiya. Ya gyara babbar rigarsa, ya koma kujerarsa ya zauna.

Na ga maza suna gyaɗa kai. Bayan sujada ana ta ba shi hannu, wai namijin duniya, wai ɗan Ishaya ya gaji ubansa. Kai, Baba! Saura kaɗan in kurma ihu a harabar nan. Rabin gadon ya ɗauka, rabin da ake yi a tsaye ana kallo. Na zaman ya bar shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron ya zo. Lahadin da ta biyo ya yi aski, ya sa riga wankakkiya, ya je ya gaishe da Baba Markus, ya zauna a bencin baya shi kaɗai. Ni da uwarsa Hannatu muna ɓangaren mata, ba damar tsallakawa. Ina waiwaye ina ganinsa, idonsa yana kan ƙeyar ubansa tun daga waƙar farko har addu'ar rufewa. Yaya Bulus bai juyo ba.

Ya sake zuwa, ya kuma sake zuwa. Tun da an hana shi gida, a ofishin jam'iyya yake kwana a Rijiyar Lemo, cikin waɗanda suka koya masa abin. Hannatu takan ba ni tuwo a ɓoye in kai masa. Daga baya muka waiwaya wata Lahadi, benci ba kowa.

Na sami Yaya a Singa, yana tsaye ana sauke masa kaya daga tirela. Na ce Yaya, don girman Allah ka je ka zauna da yaron nan ko sau ɗaya. Ya ce, “Rifkatu, shugaba ba ya lanƙwasa. Idan na koma baya na zauna, wa zai ƙara jin maganata, a coci ko a jam'iyya?” Na ce to kai wa ya zauna da kai? Ya ɗaure fuska, ya ce zamanin Baba daban, yanzu idon mutane a buɗe yake. Na ce masa idon mutane ne ya dame ka, ba ran ɗanka ba. Ya ce in bar masa shago. Na bari, amma sai da 'yan dako suka ji sauran.

Ana cikin haka ɓangarori biyu suka kaure a wajen wani taron siyasa a Fagge, da rana tsaka. Aka soki Yakubu a ciki, abokan tafiyarsa suka watse suka bar shi a ƙasa. Ka san wa ya ɗauke shi? Alhaji Rasaki, Bayaraben nan mai yadi, maƙwabcin shagonka. Ya ce fuskarka ya gani a fuskar yaron. Shi ya sa shi a motarsa ya kai asibiti, rigarsa duk jini, sannan ya aiko a kira ni.

An yi masa aiki, amma ciwon ya ƙi. Cikin ya kumbura, zazzaɓi ba ya sauka. Ni da Hannatu muke jinya. Duk wanda ya turo ƙofar ɗakin sai yaron ya ɗaga kai, ya ga ba ubansa ba ne, ya mayar. Ya ce mini, “Gwaggo, ki ce wa Baba na tuba. Ƙafar ce ba za ta kai ni ba.”

Na koma Singa. Wannan karon ban yi faɗa ba, durƙusawa na yi a gaban shago, ni da nake da jikoki. Na ga fuskar Yaya ta canza, Allah ya sani na gani. Ya riga ya aika da duk abin da asibiti suka nema, kuma na san ba ya barci. Amma ya ce ya yi magana a gaban ikilisiya, ba zai zama dattijon da ya lashe amansa saboda ɗansa ba. Kuma manyan jam'iyya za su zo sujadar godiya ranar Lahadi, idan aka gama lafiya zai san abin yi. Na ce Yaya, yaron ba zai kai ba. Ya ce in daina yi masa mugun baki.

Ranar Lahadin ban je sujada ba. An ce majami'a ta cika, an ce Yaya ya yi jawabi mai kyau a kan namijin da ke iya riƙe gidansa.

Ya zo, Baba. Wajen la'asar sai ga shi a barandar asibiti, da babbar rigar sujada, shi kaɗai ba 'yan rakiya. A hannunsa akwai kwanon farfesun kaza, shi ya tsaya ya saya da kansa. Ya wuce ni ina zaune a ƙasa bai lura ba, ya shiga ɗakin. Ya tarar an yaye zanin gado, ma'aikaciya tana goge katifa. Tun ana tsakiyar sujada yaron ya cika.

Ya fito ya tsaya a kaina, kwanon yana hannunsa, ya rasa inda zai ajiye. Mutumin da muryarsa take cika majami'a, da ƙyar na ji shi. Ya ce, “Ya tambaye ni?”

Na so in sassauta masa, amma ba ka koya mana ƙarya ba. Na ce ya tambaya har ya gaji.

Wanda ya mutu cikin horo ba a shiga da gawarsa majami'a, ka sani. Daga asibiti sai maƙabarta. Maza sun zo da yawa, waɗanda suka ba shi hannu ranar nan, kowa kansa a ƙasa. Baba Markus ne ya fi kowa kuka.

Yanzu Yaya ba ya fita. Shago yaransa ne suke buɗewa, maganar kansila ta bi ruwa. Hannatu tana kai masa abinci tana ɗaukewa yadda ta kai. Na yi fushi da shi, har yanzu ina yi, amma ɗan'uwana ne, kuma ban taɓa ganin mutum ya tsufa da sauri haka ba. Ba mugu ba ne, Baba. An gaya masa taurin kai shi ne ƙarfi, aka tafa masa, ya yarda.

Ina kewarka, Babana. Ina kewar ƙarar keken ɗinkinka, da yadda kake kirana Auta ko na yi laifi. Da kana nan da wannan bai faru ba, na san haka kamar yadda na san sunana.

Ubangiji ya ji ƙan Yakubu, ya karɓi tubansa da ba mu bari ya kawo gaban jama'a ba. Ya ta'azantar da Hannatu. Ya gafarta wa Yaya Bulus, ya ba shi ƙarfin ɗaukar abin da zai ɗauka har ƙarshen ransa. Ya ba ikilisiyarmu da garin nan maza masu gaskiya waɗanda ba sa jin kunyar nasu idan sun faɗi. Amin.

Saƙo ɗaya nake da shi, Baba, don ni ban samu na isar ba. Idan ka ga Yakubu, ka gaya masa ubansa ya zo.

Taka har mu sadu,
Rifkatu Auta,
Sabon Gari, Kano.